Guga Ɗaya a Rijiyar Unguwarmu

Ɗana na fari bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma ranar da ya ce zai ɗauke 'yarsa daga hannuna ma bai ɗaga ba. A tsugune ya faɗa, a barandar asibiti, yana kallon ƙasa. Ya ce, "Inna, in dai ruwan garinmu Gude zai riƙa kwantar da ita haka, gara ta dawo Gwarzo wurin uwarta." Yarinyar tun da aka yaye ta take wurina. A gadona take kwana, ni nake yi mata kitso, ƙawata nake kiranta, ita kuma ta ce mini tsohuwa mai faɗa. Tun rasuwar maigidana, in ka cire muryarta ba abin da ya rage a gidan sai tawa da ta kaji. Amai da gudawa ne suka kama ta a tsakiyar damina, muka yi kwanaki ana ƙara mata ruwa, idanunta duk sun faɗa.

Raina a ɓace yake tun kafin ya buɗe baki. Wata ma'aikaciyar jinya, wadda na tabbata na koyar da sa'o'in uwarta a firamare, ba ta daɗe da gama yi mini nasiha ba. Cikin ladabi ta yi, ba zan yi mata ƙage ba. Ta ce, "Mama, sai a riƙa kula da tsabta a gida, a rufe abinci, a wanke hannu." Na dube ta daga sama har ƙasa. Ni za a koya wa rufe abinci? Na haɗiye maganar da ta zo mini baki don asibiti ne.

Dole in faɗi gidan da na fito kafin a gane dalilin wannan fushin. A Kabo aka haife ni, a zamanin da ba a tsoron ɗan sanda kamar yadda ake tsoron duba-gari. Ma'aikacin tsabta ne, yana yawo gida gida da ɗan aiken mai unguwa. In ya yi sallama mata su shige ɗaka, shi kuma ya zarce wurin randa da wani dogon ludayi, ya ɗebo ruwa ya ɗaga a rana. Ya ga tsutsa, to an shiga uku: a tuntsurar da ruwan, a kira maigida gaban hukuma, kafin la'asar kowa ya san matar wane ƙazama ce. Mahaifiyata ba a taɓa kama ta ba. Randarta kullum a wanke, a rufe da faifai, moɗa a rataye ba ta taɓa ƙasa. Gugan gidanmu ma yana da ƙusarsa a bango, kuma ba a ba da aronsa ko da liman ne ya aiko. Da za a kai ni ɗakin miji, ta cire zoben ƙarfen bakin gugan ta sa mini a cikin kaya. Na canza roba na canza igiya ban san iyaka ba, amma zoben nan shi ne a bakin gugana har na tsufa.

Abin da muka tashi da shi ke nan: cuta daga gidan ƙazamai take fitowa, kuma in ta shiga gidanka, kai ka buɗe mata. Daga baya rediyo ya ɗora a kai, kowa ya share gidansa, kowa ya wanke hannunsa. Ni ma shekara da shekaru abin da nake koya wa yara ke nan, ina duba farce da safe da 'yar tsumagiyata.

Amma akwai wani ɓangare na wancan zamanin da ba a cika tunawa da shi ba, ni ma sai a daminar nan ya dawo mini. Duk shekara kafin ruwa ya sauka, mai gari yakan sa a yi shela, maza su fito yasar rijiya. A ɗaure mutum da igiya a zura shi, ya kwaso taɓo da gugunan da suka faɗa, wasu su gyara baki, mata su aiko da kunu. Ba mai cewa ai ni ban jefa komai a ciki ba. Mahaifina kuma yakan ba mu labarin yadda aka kori agana: ba gida gida aka bi ana roƙo ba, gari ɗungurungum aka tara a gindin bishiya aka yi wa kowa lamba, mai so da marar so. Duba-gari ya ɓace, yasar rijiya ta ɓace, sai kunyar kaɗai ta rage mana. Da aka kafa mana tuƙa-tuƙa a Gude muka yi murna, da ya lalace muka zauna jiran waɗanda suka kafa. Masu hali suka haƙa rijiya a cikin gidajensu. Rijiyar unguwa ta zama ta kowa wajen ɗiba, wajen gyara kuma ba ta da uba.

Da muka dawo gida, ɗana ya sake ɗauko zancen. Ya ce ko dai in riƙa tafasa ruwan sha. Na ce, "Ina tafasawa tun kafin a haife ka. To nawa zan tafasa, ko na unguwa? Yarinyar nan tana shan ruwa a Islamiyya, tana sha a gidan ƙawayenta, tana sayen kunu a bakin hanya. In ɗaure ta a turke kamar akuya?" Ba na yawan magana da shi ido da ido, ɗan fari ne, akwai kunya a tsakaninmu. Amma ranar na kalle shi sosai na ce, "Ka bar mini ita zuwa girbin gero. In an yanke gero ba ka ga abin da zai kwantar maka da hankali ba, ni da hannuna zan ɗaure mata kaya." Ya ce to, amma irin to ɗin da ake ce wa tsohuwa don kada ta yi kuka.

Washegari da safe na ɗauki tabarma na je na zauna a bakin rijiya. Shekara nawa ina ɗiban ruwa a wurin, amma ban taɓa zama na kalle shi ba, in na zo gugana kawai nake kallo. Ranar na kalli na mutane. Matan aure ba sa fitowa, saboda haka guguna a hannun yara suke, da samari, da irinmu tsofaffi. Kowa ya zo da nasa. A janyo ruwa, igiya tana taruwa a ƙasa cikin caɓi, a take ta da ƙafa, a juye ruwa a jarka, a ajiye gugan a ƙasa, sannan a sake zura shi da igiyar da duk abin da ta kwaso. Kwatar gidaje na gangarowa daf da wurin in an yi ruwa, har da ta gidan da aka fara kwanciya da wannan cutar. Wata yarinya ta zo da gugan da na san a gindin makewayinsu ake ajiye shi. Sai ga gugana a gefena, wankakke fes, igiyarsa a naɗe. Na dube shi na ji wani takaici. Duk wankin da nake masa, cikin wannan ruwan yake shiga ya fito.

Ana cikin haka ma'aikatan lafiya suka zo daga ƙaramar hukuma suka zuba magani a rijiyar. Na tambayi babbansu ko shi ke nan an gama. Mutumin kirki ne, bai rufe ni ba. Ya ce maganin zai yi aikinsa, amma muddin kowane gida na zura nasa gugan, ba za a daɗe ba za a koma gidan jiya. Ya ce abin da ya dace guga ɗaya ne, na rijiya, a rataye, ba ya zuwa gidan kowa kuma ba ya taɓa ƙasa, sai dakali a baki da murfi. Ya faɗa ya hau babur ɗinsa, domin akwai wasu ƙauyukan a gabansa.

Na fara da mai unguwa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malama, wannan ai aikin gwamnati ne. Mun kai kuka kan tuƙa-tuƙa, muna jira." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ci gaba da kai kuka, haƙƙinmu ne, ni ma zan raka ku. Amma igiyar da ke kwance a caɓi ba gwamnati ce ta ajiye ta ba. Kuma ni ba ni da lokacin jira, gero ya fara fid da kai." Ya yi dariya ya ce in je in shawo kan mata, in mata sun yarda shi zai tara maza. Ya ɗauka ya sallame ni ke nan. Daga wurinsa na wuce wurin liman. Shi bai ba ni wahala ba, ya yi zancen bayan sallar Juma'a, cewa ruwan da jama'a ke sha amana ne a wuyan kowa. Mutane suka gyaɗa kai, da yamma kowa ya aiki ɗansa rijiya da gugansa.

Mata ne suka sha mini kai. Na bi su gida gida, na bi su gidan suna, na bi su gidan biki, har aka fara cewa ga Malama mai guga nan. Kowacce na yi wa magana, sai ta ce ai ita gugan gidanta tsaf yake, in je in yi wa wance. Wance kuma ta ce in je in yi wa wance. A unguwar nan kaf ban sami mace ɗaya mai ƙazamin guga ba, amma rijiya na kwantar mana da yara.

Wadda ta fi tsaya mini ita ce maƙwabciyata mai daddawa. Tsararata ce, kusan tare aka kawo mu unguwar, kuma tun muna amare ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko da kan gishirin miya ne. A wani gidan suna, mata cike da tsakar gida, ta ajiye ƙwaryar furarta ta ce, "Malama, ke da kika fi kowa ƙyanƙyami, yau ke ce za ki ce in sha ruwan gugan da hannun kowa da kowa ya taɓa? Ni uwata ba ta yi aron guga ba, ni ma ba zan yi ba." Mata suka ce gaskiya ne. Na ji jinina ya hau. Na ce, "Ke da kike gudun hannun mutane, gindin gugansu kike sha tun da aka kawo ki. Wanda aka ajiye a bakin makewayi, da wanda kaji suka kwana a ciki, duk a ruwan da kike jiƙa kalwarki suke wanka." Ta ɗauki mayafinta ta fita, kuma ta daina gaishe ni. Na san na yi zafi, amma ban janye ba, don ba ƙarya na yi ba.

Abin da ya motsa maza ba bakina ba ne. Cutar ce ta shiga gidan wani Alhaji mai rijiya a cikin gida, mai sayen ruwan leda, ta kama ƙaramin ɗansa da ke karatu tare da ƙawata. Allah ya tashi kafaɗar yaron. Da Alhajin ya dawo da shi daga asibiti, shi da kansa ya je wurin mai unguwa, ya kuma kawo siminti. Mai unguwa ya sa aka yi shela, wata safiya maza suka fito gayya, abin da rabona da gani tun ina budurwa. Aka yashe rijiya, magini ya ɗaga bakinta ya zuba dakali mai gangara, aka karkatar da kwata, maƙeri ya haɗa wili daga tsohuwar ƙafar baro aka ɗora a kan gwafa, igiya na bi ta kai. Aka rataye sabon guga. Na dama kunu tukunya guda na aika musu. Da na koma gida na rataye gugana a ƙusarsa, na ce masa ka huta.

Na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Guga ɗaya yana nufin layi, mu kuwa ba mu saba ba. Da safe in mutane sun yi yawa, sai ka ga yaro ya zaro gugan gidansu daga cikin buhu zai zura ta gefe. Saboda haka na mayar da bakin rijiya wurin zamana. Daga an idar da sallar asuba in shimfiɗa tabarma, carbi a hannu ɗaya, tsumagiyar makaranta a ɗayan. Ban doki ɗan kowa ba, amma duk wanda ya zo da guga, da shi yake komawa a bushe. An zage ni ta bayan katanga. An aiko mini cewa rijiyar ba gadon ubana ba ce, na aika cewa da gadon ubana ce da tuni na sa mata kwaɗo. Ƙawata takan kawo mini koko ta zauna kusa da ni tana kwaikwayon muryata, tana ce wa samari, "Kai, mai da shi gida." Mai daddawa kuwa ta ƙi zuwa da kanta, jikokinta take aikowa, su ja da gugan rijiya suna hararata.

Wani abu yana damuna a lokacin, ban faɗa wa kowa ba. Na san ɗana. In ya zo ya tarar cewa duk tsarin nan a kan tsohuwa ɗaya da tsumagiya yake tsaye, zai ce in Inna ta kwanta fa? Kuma gaskiyarsa ne.

Sai kuwa na kwanta. Ana tsakiyar yankan gero ƙuguna ya riƙe, ko juyi ba na iyawa sai da taimako. Ina kwance ina jin ƙarar wilin rijiya daga nesa, ina ƙiyasta gugunan da ke shiga ta gefe. Na aiki ƙawata ta dubo mini, ta dawo ta ce ba komai, amma yaro me ya sani. A cikin kwanakin nan ɗana ya iso daga Gwarzo, ya zo da 'yar jaka sabuwa mai hoton fure. Ban tambaye shi ta mece ce ba. Ya gaishe ni, ya tambayi jiki, ya ajiye jakar a bakin gado inda zan gan ta. Ƙawata ta leƙa ciki ta ga ba komai, ta dube ni, ta fita waje. Wallahi a lokacin na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko a asibiti.

Ɗana ya duba randa ya ga ruwa ya yi ƙasa. Yaron kirki ne, bai saba ganin randar uwarsa haka ba. Ina daga ɗaki na ji motsinsa a tsakar gida, na ji ƙarar jarka, sannan na ji ƙarar da na fi sani a duniya, zoben ƙarfen nan yana gogar ƙusa. Na yunƙura in ce masa ya ajiye, amma kafin in tattaro numfashi ya fice. Na ce a raina shi ke nan, ɗan Malama mai guga ne zai zura guga a gaban jama'a, ni kuma ina kwance.

Ya daɗe bai dawo ba. Da ya shigo, jarka cike take, amma hannunsa ɗaya ba komai. Ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya kamar lokacin da yake ɗan makaranta. Ya ce, "Inna, an ƙwace gugan." Na ce wa ya ƙwace? Ya ce, "Baba mai daddawa. Tana zaune a wurin a kan tabarma, da muciya a hannu. Na ce mata na gidan Malama ne, wankakke ne. Ta ce ko na gidan sarki ne. Ta ce in bi layi, na bi, a bayan yara." Ƙawata ce ta ƙarasa mini labarin: tun ranar da na kwanta matar nan take zama a wurin, in ta tashi talla wata tsohuwar ta karɓe ta, kuma ita ce ta hana a gaya mini, wai kada in ji daɗi.

Ɗana ya juye ruwan a randa, ya rufe da faifai. Ya zauna ya ci tuwo, ya yi ta hira kan farashin gero da hanyar Gwarzo da ta lalace, bai ta da zancen komai ba, ni ma ban tayar ba. Da la'asar ya yi mini sallama. Ya kai bakin zaure ƙawata ta bi shi da gudu da jakar, tana cewa Baba ka manta. Ina jinsa ya ce, "Ki riƙa zuba littattafan Islamiyya a ciki." Na juya fuskata bango, don ba na so yarinyar ta dawo ta gan ni a yadda nake.

Da na samu na miƙe, na dogara sanda na shiga gidan mai daddawa. Muka gaisa kamar ba abin da ya taɓa faruwa, ta tambayi ƙugu, na tambayi kasuwa. Sannan na ce na zo karɓar gugana. Ta nuna mini turke da haɓa. Igiyata ce a wuyan akuyarta, robar kuma ta yanke ta tana zuba wa kaji ruwa. Na ce zoben fa, na uwata ne. Ta ce, "Je ki rijiya ki duba." Na je. Bakin gugan rijiya ya yage a kwanakin da nake kwance, ta kai wa maƙeri zoben ya ɗaura masa.

Yana nan har yau. Da safe ina jin ƙararsa daga ɗakina in ya bugi bakin dakali, hannun kowa da kowa a kansa, ƙawata kuma tana cikin layi da jarkarta tana jiran ya zo kanta.